Isawan Kano da Kiristocin Rum: Darasi Daga Tarihi

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, da yawanmu mun tuna yadda malamin tarihi yake ba mu labarin Rumawa, mu kuwa muna hamma, muna ganin abin ya yi nisa da Safana. Ashe akwai makamancinsa kusa da mu, a birnin Kano.

Bari mu fara da Rum ɗin. A shekara ta 64 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), gobara ta cinye babban ɓangare na birnin. Sarki Niro ya ɗora wa Kiristoci laifin, aka kashe su da yawa. Wajen shekara ta 112, wani gwamna mai suna Filini ya rubuta wa Sarki Tarajan yana neman shawara. Gwajin da yake yi musu mai sauƙi ne: a ƙona turare gaban gumaka da siffar sarki. Wanda ya yi, a sake shi. Wanda ya ƙi, a hukunta shi. Tarajan ya amsa cewa kada a bi su farauta, kuma kada a karɓi ƙarar da ba ta da sunan mai ita.

Masanan Rum ma ba su bar su ba. Wani Selsus, wajen shekara ta 178, ya rubuta littafi yana musu ba'a da cewa addinin masaƙa ne da dukawa da mata da yara. Amma babban kukansa shi ne, in kowa ya janye jiki daga bautar gumakan ƙasa da aikin soja, wa zai tsare daula? Wato abin da ya tsorata Rumawa shi ne biyayya, ba yawan mutanen ba.

To, mu dawo gida. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, an yi wani malami, Malam Ibrahim, da ya duƙufa kan ayoyin Alƙur'ani masu maganar Annabi Isa. Ya ba shi matsayin da sauran malamai suka ga ya wuce iyaka. Almajiransa aka riƙa kiransu Isawa. A lokacin nan kuwa Kano tana fama da hare-haren Ningawa, waɗanda asalin shugabanninsu malamai ne da suka bar ƙasar Kano saboda rigimar haraji. Fadar da ta taɓa ganin malamai sun zama mayaƙa ba za ta yi wasa da sabuwar ƙungiya ba. Aka kama Malam Ibrahim, aka kashe shi a kasuwar Kano.

Shin magana ta ƙare? Ina! Mabiyansa suka watsu, wasu suka nufi ƙasar Ningi, suna riƙe da koyarwarsa. Wajen 1913 wasu daga zuriyarsu suka je wurin Likita Mila, ɗan mishan a Zariya, suka karɓi Kiristanci. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, sai ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, ragowar suka koma Zariya. A 1929 mishan ta ƙaura zuwa Wusasa, kuma jikokinsu na cikin Hausawa Kiristocin da suka yi nisa a karatun boko.

Haka ta faru a Rum. Bayan tsanani mafi muni da Sarki Diyokiletiyan ya fara a 303, shekara goma kacal aka yi, a 313 Sarki Kustantin ya amince kowa ya yi addininsa.

Ba hukunci kan aƙidar kowa na zo yi ba, wannan fagen malamai ne. Abin lura shi ne, takobi bai kashe ra'ayi a Rum ba, bai kashe a Kano ba. Warwatsa shi ya yi kamar irin da iska ta ɗauka. Cikinmu yau akwai alƙalai da hakimai da jami'an tsaro. In aka kawo muku ƙarar wasu 'yan tsiraru, ku bincika tukuna: laifi suka yi, ko tsoronsu kawai ake ji? Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.