Maikuro-RNA

maikuro-RNA (suna, namiji): ɗan guntun zaren RNA mai haruffa wajen 22, wanda ke rufe wa ƙwayar gado baki. Asalinsa dogon zare ne da ke ninke kansa biyu kamar igiya, da zarge a ka. A jikin dabba, sinadarin Drosha ke fara datse shi ya bar haruffa wajen 70, sannan Dicer ya guntule zargen. Guntun sai ya liƙe wa RNA mai kai saƙo, ya hana a ƙera furotin. A tsirrai kuwa, sinadarin DCL1 ke yin yankan biyu. Victor Ambros da Gary Ruvkun suka gano maikuro-RNA a jikin wata 'yar tsutsa a 1993. Lambar Nobel sai 2024 suka same ta.