Kula da Kanun Saƙo a Manhajar Apache Camel: Misalin Rahoton Lafiya daga Takieta

Tsakure

Maƙalar ta duba abin da ke samun kanun saƙo idan Apache Camel ta kira wata saba ta HTTP. Matsayinta shi ne, bayanin da hanyar aike ke buƙata don kanta bai kamata ya zauna cikin kanu ba.

Gabatarwa

Takieta mararraba ce, nan hanyar Matamaye ta rabu da babban titin Yamai zuwa Damagaram, kuma ta zama gunduma a 2011. Ma'aikatar lafiya ta Nijar tana tara alƙalumanta, har da na Takieta, a DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ke jagorantar ginawa. Maginan DHIS2 sun yi amfani da Camel, wadda ta fito a 2007, wajen haɗa ta da RapidPro mai aika saƙonnin waya. Shi ya sa batun ya shafe mu.

Matsalar

A Camel saƙo yana da ganga da kanu, kamar takarda da abin da aka rubuta a bayan ambulan. A ɗauka an tsara hanyar da za ta kai rahoton wata na wani gidan likita a ƙauyen Takieta. Mai tsarawa ya sa lambar gidan mai haruffa 11, da watan rahoton, misali 202403, da mabuɗin shiga DHIS2, duka a kanu. Da an yi kira, Camel tana mayar da su kanun HTTP ta tura waje, ban da waɗanda matatarta ta tare, irin masu farawa da "Camel". Idan amsa ta dawo, kanun sabar sukan haɗu da na farko, mai suna iri ɗaya ya danne ɗan'uwansa.

A nan ɓarnar take. Kira na biyu, wanda zai sanar da majon gidan likitan ta waya cewa rahotonsa ya isa, zai tafi da mabuɗin DHIS2 zuwa sabar da ba ta da hurumin ganinsa. In kuma rezo ya yanke, abin da ma'aikacin ƙauye ya saba da shi, duk wani sabon yunƙuri yana buƙatar kanun asali yadda suke, ba gauraye ba.

Matatar ma ba abin dogaro ba ce ita kaɗai. Ƙa'idar HTTP ba ta bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan kai, amma tsohuwar matatar Camel ta bambanta. A watan Maris na 2025 aka bayyana wannan kafa da lambar CVE-2025-27636, aka toshe ta a fitowa ta 4.10.2 da 4.8.5 da 3.22.4.

Mafita

Lambar gidan da watan rahoton a adana su a ma'ajiyar musaya da setProperty, ko a ma'ajiyar canji da ta zo da fitowa ta 4.4, domin ba sa bin saƙo waje. Kafin kowane kira a share kanu gaba ɗaya da removeHeaders, sannan a ɗora waɗanda wannan sabar ta nema kawai. A ganina lissafa abin da aka yarda ya fita ya fi lissafa abin da aka hana, don mutum ba ya hana abin da bai san da shi ba. Muna kira ga masu haɗa manhajojin lafiya a jihar Damagaram da su buɗe kanun kowane kira su karanta da idonsu kafin su miƙa aiki.