Daga Gujiya zuwa Hatsi: Tarihin Binciken Noma a Nijar

Ya kai mai karatu, ko ka taɓa tambayar kanka wa ke zaɓen abin da masana noma za su bincika? Tarihin ƙasarmu yana da amsa.

A zamanin mulkin Faransawa an buɗe gonar gwaji a Tarna, kusa da Maraɗi. Hankalin hukuma a lokacin ya fi karkata ga gujiya, don ita ake kaiwa Faransa a matse mai, da kuɗinta kuma talaka ke biyan haraji. Bayan samun ƴancin kai a 1960 ba a sake hanya ba. A 1962 aka kafa SONARA don sayen gujiya. Wajen kiwo ma, an kula da jar akuyar Maraɗi saboda fatarta mai daraja a kasuwannin Turai, an kuma ware garken shanun Azawak a Tukunus don kyautata irinsu.

Sai fari ya zo. A 1973 rumbuna suka bushe, bisashe suka mutu bila adadin. A 1975 wata cuta da ƙananan ƙwari ke yaɗawa ta cinye gujiya. Nan kowa ya gane kuɗi ba su shiga tukunya in babu hatsi a kasuwa. A wannan shekara ta 1975 gwamnatin Seyni Kunce ta kafa INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, aka sa cimaka gaba. Aka yaɗa irin hatsi mai saurin nuna, kamar HKP, wanda ke isa girbi ko damina ta gajarta. Aka fitar da irin wake kamar TN 5-78, mai ba mutum ƙwaya, ya ba dabba harawa.

To, amma akwai darasi na biyu. An kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwa, galibinsu suka mutu. Daga 1983, a jihar Maraɗi, Tony Rinaudo da manoma suka lura kututturan da ke cikin gonaki suna da rai. In aka bar tohonsu, aka rage rassa, sai su zama itace. Wannan sassaben zamani ya rayar da wajen hekta miliyan 5. Gawo ya komo gona, yana ba ƙasa taki, yana ba bisashe ƴaƴa da rani. Wannan aiki a gonar talaka ya tsiro.

Saboda haka, ɗan'uwa, mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Kai da ka koyi rubutu, samu littafi. Rubuta ranar shuka, da irin da ka shuka, da damman da ka ɗaure, da bisashen da suka yi ciwo. Ran da malamin gona ya zo garinku, ka buɗe masa shi, ka faɗa masa abin da kuke so a fara bincikawa.