Na Baya Ba Ya Nufin Na Ƙasa: Taƙaitaccen Tarihin Kariyar Sisiliya a Wasan Shaɗaranji

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar madatsar ruwan Tagwai a Minna da la'asar sakaliya, ba zai rasa ganin dattawa sun duƙufa kan dara a gindin bishiya ba. A gefensu kuwa akan ga samari riƙe da waya suna buga wata darar daban, wadda Turawa ke kira ces, Larabawa kuma shaɗaranji. Mun lura cewa da zarar ɗayansu ya faɗa ɓangaren baƙaƙen 'ya'ya sai ya ɓata rai, don kuwa Fari ne ke fara motsi. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun wata dabara da ta sauya matsayin Baƙi daga mai jiran hari zuwa mai kai shi, wato Kariyar Sisiliya.

Shaɗaranji a Ƙasarmu

Wasan ba baƙo ba ne gare mu. Duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ya ci karo da sunansa a cikin wasannin da marubucin ya hana. Haka kuma a 1934 Baturen nan C. K. Meek ya bayyana irin wanda ake bugawa a Barno da sunan tsatsarandi, inda ake kiran sarki Mai, na kusa da shi Ciroma, na kusurwa kuma Kaigama. Ashe tun kafin kafa ƙungiyar wasan ta Nijeriya a 1975, fadar Barno ta naɗa wa 'ya'yansa sarautun gida.

A tsohon shaɗaranji na Bagadaza, zamanin gwanaye irin su Al'adli da Assuli, 'ya'yan wasa ba su da saurin tafiya. Kowane ɓangare yakan ɗauki lokaci yana jera rundunarsa kafin a gwabza, kamar yadda 'yan dara kan fara dasa 'ya'ya goma sha biyu-biyu a gurabe 30 kafin a soma ci. Saboda haka riga motsi bai da wani nauyi. Al'amarin ya sauya wajen 1475 a ƙasar Sifen, lokacin da aka mayar da waziri sarauniya mai ratsa fage daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Daga nan taki ɗaya ya zama dukiya, wanda ya riga kuwa ya sami rinjaye.

Asalin Dabarar da Yadda Take

Idan Fari ya tura dakaren da ke gaban sarkinsa gida biyu, tsohuwar amsa ita ce Baƙi ya kwaikwaye shi. Matsalar mai kwaikwayo ita ce kullum yana baya da taki ɗaya. A Kariyar Sisiliya kuwa, Baƙi yakan tura dakaren da ke gaban giwar ɓangaren sarauniya, abin da ake rubutawa c5. In Fari ya sake turo dakare tsakiya, sai a yi musaya: Baƙi ya ba da na gefe ya karɓi na tsakiya. Sakamakon haka Baƙi yana da dakaru biyu a tsakiya, Fari yana da ɗaya, ga kuma layi ya buɗe wa hasumiyar Baƙi. Farashin da ya biya shi ne Fari ya riga shi fito da manyan mayaƙa. Sai wasan ya zama tsere, kowa na kai hari ta ɓangarensa, wanda ya yi jinkiri dara ta ci gida.

Ɗan Italiya Giulio Polerio ya rubuta wannan buɗi a 1594. Sunan kuwa ya bazu ne bayan 1813, sa'ad da Jacob Sarratt na Ingila ya fassara wani tsohon rubutun Italiyanci da ya jingina shi ga tsibirin Sisiliya, wanda Musulmi suka fara mamaye shi a 827, ikonsu ya ƙare a 1091. A 1834 aka ga ƙarfin dabarar a fili a Landan, a karawar La Bourdonnais na Faransa da McDonnell na Ailan. A wani wasa da ya shahara, La Bourdonnais yana riƙe da Baƙi ya kora dakaru uku kafaɗa da kafaɗa har gab da layin ƙarshe, abokin karawarsa ya sallama alhali sarauniyarsa na kan fage.

Najdorf

Reshen da ya fi suna a yau yana ɗauke da sunan Miguel Najdorf, Bayahuden Folan da aka haifa a 1910. Yana birnin Buenos Aires na Ajantina wajen gasar ƙasashe a 1939 Jamus ta auka wa ƙasarsa, bai sami komawa ba. A 1947, a birnin Sao Paulo, ya kara da mutum 45 a lokaci guda ba tare da kallon fage ba, ya ci 39, ya yi kunnen doki 4, aka ci shi 2. Ya bayyana cewa yana irin wannan bajinta ne da fatan labari zai kai kunnen wani nasa da ya tsira. Matarsa da 'yarsa da iyayensa duk sun hallaka a hannun 'yan Nazi.

Abin mamaki, motsin da ke ɗauke da sunansa ƙarami ne: a taki na biyar Baƙi ya ɗaga dakaren can gefe gida ɗaya, wato a6, don ya hana doki da giwar Fari wurin sauka kafin ya yunƙura. Bobby Fischer da Garry Kasparov sun mayar da shi babban makaminsu. Sai dai kowa ya ci zomo ya ci gudu. A wasa na 11 na gasar duniya ta 1972, Fischer ya aika sarauniyarsa ta cinye dakaren da ake kira mai guba, Boris Spassky ya rufe mata hanya, ta salwanta, wasan ya bi ta.

Kammalawa

A 2025 ɗan Nijeriya Tunde Onakoya ya shafe awa 64 yana buga wasan a Niyok, ya shiga kundin Guinness, abin da ya ƙara jawo hankalin matasanmu. Abin da muke jiye wa samarin Tagwai shi ne haddar motsi daga waya ba tare da sanin dalili ba, domin a wannan buɗi mantuwar taki ɗaya takan kai sarki ƙasa. Shawararmu ita ce su jera wasan 1834 da na 1972 a kan fage, su bi su sannu a hankali, suna tambayar kansu abin da Baƙi ya bayar da abin da ya karɓa a kowane taki. Wanda ya yi haka zai daina ɓata rai in baƙaƙen 'ya'ya suka faɗo masa.