Gonakin Mbamba da Giɓin da Ke Cikin Dokar Filaye

Mbamba mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Yola ta Kudu, a bakin hanyar Fufore. Nan ne hedikwatar Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama, ɗaya daga cikin hukumomin koguna da gwamnatin tarayya ta kafa a 1976 don bunƙasa noman rani, kuma ita ke kula da aikin ban-ruwa na Tafkin Geriyo kusa da Jimeta. Abin mamaki, gonakin da ke zagaye da wannan hukuma ta noma ba su da wata doka da ta ce dole su zauna a matsayin gonaki.

Tun da Yola ta zama babban birnin jihar Gongola a 1976, sannan na Adamawa a 1991, gari ke ta cin gefensa. 'Yan gudun hijirar da suka kwararo a 2014, lokacin da Boko Haram ta kama Mubi, sun ƙara wa buƙatar muhalli ƙarfi. Kogin Binuwai ya tokare gari ta arewa, saboda haka ginin ya fi bin tudu da bakin manyan hanyoyi, inda ake noman dawa da masara.

Tushen matsalar yana cikin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Dokar ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna bisa amana, ta kuma kasa ta gida biyu: ta birni tana ƙarƙashin gwamna, ta karkara kuwa ƙaramar hukuma ke ba da izinin mallakarta, har zuwa hekta 500 don noma da 5,000 don kiwo. To amma gwamna ne kaɗai ke shata inda birni ya tsaya. Da sanarwa ɗaya gonar kaka da kakanni sai ta wayi gari tana cikin birni. Sashe na 28 ya ba shi ikon karɓe fili don amfanin jama'a, sashe na 29 kuma ya taƙaita diyya ga abin da ke kan filin, wato gini da amfanin gona. Ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta.

A nan ne lissafin manomi ke juyawa, kuma ba na ganin laifinsa. Wanda ya san cewa in hukuma ta zo kuɗin shukar da ke ƙasa kawai zai samu, gara ya riga ta: ya kira dillali, a yanka fuloti, jauro, wato mai unguwa, ya shaida, ya karɓi kuɗinsa a dunƙule. Rabon gado ma yana taimaka wa dillalin, domin gonar da aka raba wa magada da yawa ba ta ciyar da kowa, sai sayarwa.

Jihar New York ta Amurka ta bi wata hanyar kare gonaki a 1971. Manoma ne ke haɗuwa su nemi a ayyana yankinsu gundumar noma. In an amince, ana yanka musu harajin fili bisa darajarsa ta gona, ba bisa farashin da magina za su saya ba, kuma hukumar da ke son karɓe ƙasa a ciki sai ta fara bayyana illar da hakan zai yi wa noma. Rangwamen haraji ba zai yi tasiri a Mbamba ba, don ba haraji ke korar manomi daga gonarsa ba. Abin ɗauka shi ne shata iyaka a rubuce da tilasta wa hukuma yin bayani.

Arewa ta san irin wannan tsari, domin Dokar Makiyaya ta 1965 ta keɓe wa dabbobi ƙasa, ko da yake yawancin filayen kiwon ba a kammala musu rajista ba, aka cinye su. Gyara dokar 1978 kuwa da wuya, tunda sashe na 315 na tsarin mulkin 1999 ya kulle ta. Sai dai a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne, don haka Majalisar Dokokin Adamawa na iya keɓe fadamun Geriyo da gonakin hanyar Fufore ba tare da jiran Abuja ba.