Karen Azawak da littafin Turawa: tarihin takardar da ake sayar muna tare da kwikwiyo



Kwanakin nan in mutum ya buɗe Facebook ko ya leƙa rukunonin WhatsApp na Yamai da Maraɗi da Damagaram, ba ya rasa hoton kwikwiyo cikin kwali, an rubuta ƙarƙashinsa "race pure", wai har da takardu. Kuɗin da ake faɗa, wani lokaci ya isa ragon layya har da canji. Samari suna saye, masu gidaje suna saye don gadi, kuma mun sha jin yadda ake ƙarewa: sati biyu kwikwiyo ya kama zawo da jini ya mutu, mai sayarwa ya kashe waya. Shi ya sa muka ce bari mu waiwaya mu ga ina wagga takarda ta samo asali, me take shaidawa, me ba ta shaidawa. Abin mamaki, tarihin ya biyo ta ƙofar gidanmu, ta arewacin jahar Tawa.

Mutum ya daɗe yana zaɓen kare, amma don aiki yake zaɓe: wanga na farauta, wancan na tsaron garke. Rubuta sunan kare da na uwayensa cikin littafi kuwa sabon abu ne. A 1859 aka yi gasar nuna karnuka ta farko irin ta zamani a birnin Newcastle na Ingila. A 1873 aka kafa Kennel Club a Landan, ta buɗe littafin asali. Amurka ta kafa tata ƙungiyar a 1884, Faransa ta buɗe nata littafin, LOF, a 1885. A 1911 ƙasashe biyar, Jamus da Ostiriya da Beljiyam da Faransa da Holan, suka haɗu suka kafa tarayyar FCI, wadda har yau mazauninta yana Beljiyam. Daga nan ma'anar "jinin asali" ta sake. Ba a ƙara tambaya ko kare ya iya aiki. Ana duba ko sunan uwa da na uba suna cikin littafi, ana kuma auna shi da wata siffa da aka rubuta: tsawo kaza, kunne kaza, launi kaza. Da yawa cikin littattafan nan daga baya aka rufe su, ma'ana ba sabon jinin da zai shigo daga waje.

Ku ɗauki berger allemand da muke rububi. A 1899 wani hafsan sojan doki na Jamus, Max von Stephanitz, ya sayi kare ɗaya a wurin gasa, ya raɗa masa suna Horand von Grafrath, ya sa shi lamba ta ɗaya cikin littafin ƙungiyarsu. Daga shi da zuriyarsa, ana haɗa dangi da dangi, aka gina irin gaba ɗai. An samu kare mai basira, ba mai musu. An kuma samu ciwon ƙugu na gado, inda kan ƙashin cinya ba ya zama daidai cikin gurbinsa, kare yana da ƙuruciya ka gan shi yana jan ƙafafun baya.

To, mu dawo gida.

Kwarin Azawak, wanda ya taso tsakanin duwatsun Ayar da na Adrar ɗin Ifoghas, ya ratsa ƙasar Abalak da Cintabaraden da Tasara da Tiliya har Menaka ta Mali, mun san shi da saniya. Saniyar Azawak mai nono, wadda tun zamanin Turawa ake zaɓen irinta a tashar Tukunus kusa da Filinge. Abin da ba kowa ya lura da shi ba, a bayan garken nan akwai wani dogon kare siriri, mai dogayen ƙafafu, ciki a ɗame, haƙarƙari a fili, kamar ya shekara bai ci ba. Mu ƴan birni in mun gan shi sai mu ce karen Buzaye ne, yunwa ta cinye shi. Ba yunwa ba ce, halittarsa ke nan. Namiji yana kai santimita 64 zuwa 74 a kafaɗa, nauyinsa kilo 20 zuwa 25 kawai. Macen ba ta wuce kilo 20. In ya miƙe da gudu yana kai wajen kilomita 60 a awa, kuma yana jure rana yadda karen Turai ba zai taɓa jurewa ba. Abzinawa suna ce wa kare idi, shi wanga na asali kuma suna ce masa oska. Fulani da sauran makiyayan yankin su ma suna riƙe da shi. Da rana ya bi barewa da zomo, da dare ya tsare zango daga dila da kura da baƙon da ba a gayyata ba. Abincinsa abin da gida ya ci: nono, gero, da kason abin da ya kamo. Malamanmu ma ba su hana riƙe irin wanga kare ba, tunda karen farauta da na kiwo da na gona addini ya ba da izininsu.

Yadda makiyaya suke kiwonsa akwai tsanani, ba za mu ɓoye ba. Karyar Azawak sau ɗaya take ɗaukar ciki a shekara, ba sau biyu ba kamar yawancin karnuka. In ta haihu ba duka ake bari ba, ana zaɓen ɗaya ko biyu waɗanda zango zai iya ciyarwa. Wanda ya rayu kuma daji ya ci gaba da tankaɗe shi: rago ba ya kai shekarun barbara. Ba littafi, ba tambari, amma mai shi ya san uwarsa, ya san irin gudun kakarsa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, wannan makiyayi ya san shi tun kafin Landan ta buɗe littafi. Kuma a al'ada ba a kai shi kasuwa. Kyauta ake ba da shi ga wanda ake girmamawa.

Ta hanyar kyautar nan ya tsallaka teku. A farkon shekarun 1970 wani jami'in diflomasiyyar Yugoslaviya da ya yi aiki a Afirka ta Yamma, Dakta Pecar, ya koma gida da irin karen nan. A daidai lokacin, sojoji da ma'aikatan Faransa masu komawa gida su ma suka tafi da nasu. Da farko Turawa ba su san inda za su aza shi ba, sai suka rubuta shi cikin littafin sloughi, karen farautar Larabawan Magrib. A farkon shekarun 1980 FCI ta ware shi da siffarsa ta kansa, lamba 307, da sunan Azawakh. Asalinsa aka rubuta iyakar Mali da Nijar, amma ƙasar da aka damƙa wa riƙon siffar ita ce Faransa. Ku ji fa: kare namu, alƙalami nasu. An haifi ƴan kwikwiyon farko a Amurka a 1987, ƙungiyar AKC kuma ta karɓe shi cikakkiyar karɓa a watan Janairun 2019.

Nan ne labarin ya zama darasi ga mai kiwo. Karnukan da suka kafa irin a Turai ƴan kaɗan ne ƙwarai, aka dinga haɗa ɗa da uwa, wa da ƙanwa, don a tsare siffa. Sai farfaɗiya ta bayyana a wasu zuriyoyi, da ciwon maƙoshi mai rage kuzari, da cututtukan da jiki ke yaƙar kansa. Siffar da aka rubuta kuma ta ƙara ƙuntata abin: ta yarda da ja da ruwan ƙasa da mai zane-zane, da ɗan fari a ƙafafu da ƙirji da bakin wutsiya, ta ƙi sauran launukan da kowa ke gani a zangunan Azawak. Wato kare zai iya zama haifaffen Tasara, kakanninsa duka na Tasara, alƙalin gasa a Paris ya ce bai cika Azawakh ba. Da wasu masu kiwo suka ga jinin ya ƙuntata, sai suka dawo neman sabo. Ƙungiyar ABIS, wadda aka kafa a Burkina Faso tare da Turawa masu sha'awar irin, ta yi ta tafiye-tafiye cikin Sahel a shekarun 1990 da 2000 tana ƙirga karnuka tana ɗaukar ƴan kwikwiyo. Karen da ba shi da ko guntun takarda shi aka zo nema ya gyara masu takarda.

A gida kuwa abubuwa sun yi masa yawa. Farin 1973 da na 1984 sun karya garake sun watsa zanguna. Barewa ta yi ƙaranci, bindiga da mota sun gama da abin da fari ya bari. Makiyayan da suka zauna gefen gari, karnukansu suka gauraya da na gari. Tun 2012 kuma rashin tsaro ya rufe hanyoyin yankin iyakar Mali.

Turawan ma sun farga, ko da yake a makare. A 2008 BBC ta nuna wani fim kan cututtukan gado na karnuka masu takarda, aka yi ca, har ta daina watsa babbar gasar Crufts. A 2009 Kennel Club ta daina rubuta kwikwiyon da aka samu tsakanin uba da ɗiya, uwa da ɗa, ko ƴan ciki ɗaya. Akwai bouledogue na Ingila, wanda aka yi ta gajarta masa hanci ana faɗaɗa masa kai har yawancin matan ba su iya haihuwa sai an yi masu aiki. A Faransa doka ta hana ba da kwikwiyo kafin sati takwas. Tun 2022 mai saye sai ya sa hannu kan takardar alkawari ya jira kwana bakwai. Tun farkon 2024 kuma an hana sayar da karnuka da kyanwoyi a kantunan dabbobi.

Mu nan ba mu buƙatar fim kafin mu gane wannan. Duk matar da ke kiwon jar akuyar Maraɗi ta san in bunsuru ya daɗe a garke yana hawan ɗiyansa, ƴaƴan sai su fara fitowa ƙanana marasa ƙwari, shi ya sa ake musanya shi. Mai kiwon kare na gaskiya haka yake yi. Ba ya haɗa dangi na kusa, ba ya barin karya ta yi ciki tun tana ƙarama ko ta dinga haihuwa ba hutu, in ya ga farfaɗiya ko ciwon ƙugu a zuriya ya tsayar da ita. Masu manyan karnuka a Turai sai kare ya shekara an yi masa radiyon ƙugu kafin a bar shi ya yi barbara (radiyon likita muke nufi, ba irin tamu ta magana ba).

Saboda haka mai niyyar saye, kada ka yi cinikin biri a sama. Je ka gidan da aka haifi kwikwiyon, ka ga uwar da idonka tana shayarwa, ka ga inda suke kwana. In an ce maka uwar tana Kwatano ko Legas, a tasha za a miƙo maka shi cikin kwali, ka riƙe kuɗinka. Ka tambayi ubansa, ka tambaya ko shi da uwar dangi ne. Kwikwiyon da bai cika sati takwas ba a bar shi wurin uwarsa. Wanda aka ɗauke da wuri shi ne yawanci ke tashi da tsoro da saurin cizo. Ka nemi karne na allura mai sa hannu da tambarin likitan dabbobi, sannan ka kai wa naka likitan ya duba, don buga takarda ba wuya a zamanin nan. Allurar farko tsakanin sati shida da takwas ake yin ta, ita ce ke kare shi daga zawon jinin nan mai kisa da cutar Carré, a maimaita bayan sati uku ko huɗu. Ga maganin tsutsar ciki, ga kaska da ke sa zazzaɓi da ƙarancin jini. Takardar asali ta gaske kuma ƙungiyar ƙasa ce ke bayar da ita da lambar da za a iya bincika, kuma ko ta gasken ce, sunayen kakanni kawai take faɗa, ba ta rantse maka cewa karen lafiyayye ne ba.

Allurar haukan kare kuwa, daga wata uku, wannan ba ta kare kaɗai ba ce, ta yaran gidanka ce da na maƙwabta. A lekol mun hardace labarin Pasteur da yaron da ya yi wa allura a 1885, amma har yau hukumar lafiya ta duniya tana ƙiyasta mutum wajen 59,000 ke mutuwa da cutar duk shekara, kusan duka a Afirka da Asiya. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti goma sha biyar, a nufi likita ran nan, ba a jira a ga alama.

Sannan a yi lissafin rana. Karen da aka ƙera don dusar ƙanƙara, ko mai guntun hanci da ke numfashi da ƙyar, a ɗaure shi bisa siminti a Yamai cikin watan Afrilu zafi ya haura 40, walle zalunci ne ko nawa aka saye shi. Babban kare kuma yana iya shekara goma yana cin rabonsa kullum, ko akwai albashi ko babu.

Mai sha'awar na Azawak shi ma ya san abin da zai ɗauko. Ba karen sarƙa ba ne, yana son fili ya yi gudu. Yana manne wa mutanen gidansa, baƙo kuwa ba ya sakin jiki da shi, sai an saba masa da jama'a tun yana ƙarami. Ba ya son sanyi, ba ya son ruwan sama. Kuma in maƙwabta sun ga haƙarƙarinsa sun fara yi maka gorin rowa, kada ka ɗura masa tuwo don ka rufe bakinsu: siffar da Faransa ta rubuta ma cewa ta yi a ga ƙashi da tsoka ta ƙarƙashin fata.