Zare: Elcados, ’yan kiɗan rok na Arewa da muka manta

1/ Jama’a, idan aka ce kiɗan Arewa na shekarun 1970, Shata da Ɗan Maraya ke faɗo mana a rai. Su rediyon Kaduna ke kawo mana har cikin ƙauyukan Bichi da Ɗambatta. Amma a lokacin akwai wani kiɗan daban da ake yi a biranen Arewa. Ku biyo ni.

2/ Yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970, kuɗin mai ya fara shigowa. Samarin birni suka rungumi jita mai lantarki, suna koyi da Jimi Hendrix na Amurka. Akwai wata ’yar na’ura da mai jita ke takawa da ƙafa, sai sautin ya dishe, ya riƙa kuka kamar goge.

3/ A Legas kamfanin EMI ya buɗe wa irin waɗannan samari ƙofa. A 1973 BLO suka fitar da faifansu na farko, haka ma Ofege, waɗanda a lokacin ’yan makarantar sakandare ne.

4/ To Arewa fa? Muna da Elcados. Su ma a 1973 EMI ya fitar musu da faifai, This World Is Full of Injustice, wato duniya cike take da zalunci. Jita mai gurnani, ganguna masu zafi, waƙa da Turanci da yarukan gida.

5/ Me ya sa bai iso karkara ba? Kiɗan otal ne da gidajen rawa na unguwanni irin su Sabon Gari. Yana buƙatar lantarki, faifan kuma sai mai garmaho. Manomin da ya dawo daga gonar gero, rediyo mai batir yake da ita. Ga kuma kallon da ake yi wa wuraren.

6/ Daga baya yayi ya sauya, kaset ya kori faifai. Faifai kuwa ba ya shiri da zafi da ƙura, da ya sha rana sai ya lanƙwashe. Haka aka yi ta zubarwa.

7/ Sai a 2008 kamfanin Soundway na Ingila ya tattaro waƙoƙin zamanin a kundin Nigeria Rock Special. A ciki akwai ta Elcados, an rubuta sunanta Ku Mi Da Hankan. Duk Bahaushe ya gani zai ce "ku mai da hankali" ake nufi. Da wannan rubutun duniya ta san ta yanzu.

8/ A 2010 suka sake sa Elcados a kundin The World Ends. Yau faifan asali ya zama abin farautar masu tara faifai a Turai da Amurka, mu kuwa ko sunan ba mu sani ba.

9/ Ba sai kana son rok ba. Abin da ya sami faifan nan shi ke jiran kaset ɗin makaɗan noma da na biki da ke cikin akwatin baba a ƙauye. Idan kun je gida da kaka, ku buɗe akwatin. A kwafe a waya, a tambayi dattawa sunan makaɗin da garinsu, a rubuta daidai tun masu sani suna raye.